Maggie Lena Walker (1864-1934): 'Yar Mai Wanki Da Ta Kafa Banki

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ɗauko zancen gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, sunayen da suka fi saurin zuwa bakinmu mu ɗalibai su ne Martin Luther King da Malcolm X da Rosa Parks. Waɗannan bayin Allah sun cancanci yabon da ake yi musu. Sai dai tun kafin a haife su akwai waɗanda suka yi tasu gwagwarmayar da littafin ajiya da alƙalami da kwabban talakawa. A wannan maƙala ina so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin ɗaya daga cikinsu, wato Maggie Lena Walker, baƙar mace ta farko da ta kafa banki ta kuma shugabance shi a ƙasar Amurka.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinta shi ne yadda ta jera ayyukanta. Shekara takwas kafin ta buɗe banki, sai da ta fara kafa reshen yara a ƙungiyar da take ciki, inda ake koya musu tanadi da riƙon amana. Wato ta fara renon masu ajiya kafin ta gina wurin ajiya. A kan wannan zaren nake so mai karatu ya bi ni.

Haihuwarta Da Tasowarta

An haifi Maggie ranar 15 ga watan Yuli na shekarar 1864 a birnin Richmond da ke jihar Bajiniya. An daɗe ana rubuta 1867 a matsayin shekarar haihuwarta, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna 1864 ce. A lokacin ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, kuma Richmond ne babban birnin jihohin Kudu da suka ɓalle don kare bauta. Mahaifiyarta, Elizabeth Draper, ta taɓa zama baiwa, kuma tana aikin girki a gidan wata Baturiya mai suna Elizabeth Van Lew, wadda ta shahara wajen yi wa sojojin Arewa leƙen asiri. Mahaifinta kuwa wani Bature ne ɗan asalin ƙasar Ailan mai suna Eccles Cuthbert, wanda bai auri mahaifiyarta ba.

Daga bisani Elizabeth ta auri William Mitchell, abokin aikinta a wannan gida, wanda ya riƙi Maggie a matsayin 'yarsa, har ta ɗauki sunansa. Mitchell ya sami aikin shugaban masu kai abinci a wani otal da ke birnin, iyalin suka ɗan sami sauƙin rayuwa. Amma a watan Fabrairun 1876 sai aka tsinci gawarsa a kogin James. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, ita kuwa Maggie ta yi imani kashe shi aka yi.

Wannan rashi ya jefa gidan cikin talauci. Mahaifiyar ta koma sana'ar wanki da guga don ta ciyar da Maggie da ƙaninta Johnnie, ita kuma Maggie ce mai karɓo kayan wanki daga gidajen Turawa ta kuma mayar da su cikin kwando a ka. A nan ne ta fara ganin tazarar da ke tsakanin unguwannin farare da na baƙaƙe, a nan ne kuma ta san matan da suke wanki tun safe har dare, waɗanda daga baya suka zama ginshiƙin bankinta.

Karatunta Da Aurenta

Maggie tana cikin rukunin farko na yaran baƙaƙe da suka sami damar shiga makarantun gwamnati a Richmond bayan yaƙi. Ta kammala makarantar horon malamai ta baƙaƙen fata a shekarar 1883. 'Yan ajinsu sun kafa tarihi a wannan shekara, domin sun ƙi yarda a yi bikin yaye su a coci alhali ana yin na ɗalibai farare a babban gidan wasan kwaikwayo na birnin. Ba a ba su abin da suka nema ba, a ƙarshe a cikin makarantarsu aka yi bikin, amma sun nuna cewa iyayensu ma suna biyan haraji kamar kowa.

Ta koyar na tsawon shekara uku. A 1886 ta auri Armstead Walker, ɗan kwangilar gine-ginen bulo, kuma dole ta ajiye alli, saboda dokar makarantun birnin a lokacin ba ta yarda matar aure ta koyar ba. Allah ya ba su 'ya'ya maza uku, ɗaya ya rasu yana jariri, aka bar Russell da Melvin. Sun kuma riƙi wata yarinya mai suna Polly Anderson.

Shigarta Ƙungiyar St. Luke

Tun tana 'yar makaranta, a 1881, Maggie ta shiga wata ƙungiyar taimakon kai da kai da ake kira St. Luke, wato sunan Luka marubucin bishara. Wata mata mai suna Mary Prout ce ta kafa ta a birnin Baltimore a 1867. Aikinta mai sauƙin fahimta ne: kowane ɗan ƙungiya yana zuba ɗan kuɗi a kai a kai, idan ya kwanta ciwo a tallafa masa, idan ya rasu a yi masa sutura a kuma ba iyalinsa wani abu. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun yawaita a tsakanin 'yantattun bayi, domin kamfanonin inshora na Turawa ko dai su ƙi karɓar baƙi, ko kuma su tsauwala musu kuɗi.

Rashin aikin koyarwa ya ba Maggie lokacin da ta sadaukar ga wannan ƙungiya, inda ta riƙa hawa daga wannan muƙami zuwa wancan.

Reshen Yara

A shekarar 1895 ne Maggie ta jagoranci kafa reshen yara na ƙungiyar. An kasa yaran gida-gida, kowane rukuni yana ƙarƙashin wata babbar mace da ke matsayin uwa a gare su. Yaran suna da nasu taro da nasu shugabanni, suna zuba nasu ɗan kuɗi, su ma kuma ƙungiya tana tsaya musu idan ciwo ko mutuwa ta zo. Ana koya musu tsafta da ladabi da taimakon jama'a da tanadin kuɗi, da yadda ake tsayawa a yi magana a gaban taro. Taken reshen ya yi daidai da karin maganar nan da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don mu gane muhimmancin wannan aiki, sai mu tuna halin da yaron baƙi yake ciki a Bajiniya a wancan zamani. Makarantarsa dabam take da ta farare, kuma kuɗin da gwamnati ke kashe mata bai kai na tasu ba. Duk inda ya juya ana nuna masa cewa makomarsa ba ta wuce dako ko aikatau ba. A reshen yaran St. Luke kuwa, yaro ɗan shekara goma yana iya riƙe littafin rukuninsu, ya ƙirga kuɗi, ya ba da bayani a gaban manya. A ganina wannan shi ne babban jarin da Maggie ta zuba, kuma ribarsa ta fito fili bayan 'yan shekaru.

Ceto Ƙungiya Daga Durƙushewa

Zuwa 1899 uwar ƙungiyar ta kusa mutuwa. A babban taron da aka yi a garin Hinton da ke jihar Bajiniya ta Yamma aka zaɓi Maggie babbar magatakarda. Abin da ta tarar a baitulmali dala 31 ne da kwabo 61, ga bashin kimanin dala 400, 'yan ƙungiya masu biyan kuɗi kuma 1,080 ne kacal. Kwabon da nake nufi a nan shi ne ƙaramin tsabar kuɗin Amurka, wanda ɗari nasa ke yin dala ɗaya.

Ta tsuke bakin aljihun ƙungiya, ta shiga yawo gari-gari tana jawo sababbin mutane, musamman mata. A taron shekara-shekara na watan Agustan 1901 ta gabatar da shirinta mai rassa uku: jarida, da banki, da babban kanti. Hujjarta ita ce, baƙaƙen Richmond suna kai kuɗinsu bankuna da kantunan mutanen da ba sa ba su rance, ba sa kuma ɗaukar 'ya'yansu aiki. Idan suka haɗa kwabbansu wuri guda suka juya su a tsakaninsu, ribar za ta tsaya a unguwarsu. A 1902 jaridar St. Luke Herald ta fara fitowa, tare da maɗaba'ar ƙungiya.

Tabon Da Ta Tarar

Kafa banki a tsakanin baƙaƙen Amurka a wancan lokaci abu ne mai wuya, domin akwai wani tsohon miki da bai warke ba. A watan Maris na 1865 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa bankin ajiya na 'yantattun bayi, wanda aka fi sani da bankin Freedman. Ya buɗe rassa a birane da dama, har da Richmond, kuma mutane da yawa sun ɗauka gwamnati ce ke tsaye a bayan kuɗinsu. Amma Turawan da ke riƙe da shi suka shiga ba abokansu rance na ganganci. An naɗa shahararren ɗan gwagwarmayar nan Frederick Douglass shugabansa a 1874, lokacin da ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada, kuma cikin 'yan watanni bankin ya rufe. Masu ajiya fiye da 61,000 ne abin ya shafa, da kuɗi kusan dala miliyan 3. Wasu sun sami wani kaso bayan shekaru, wasu kuwa ko kwabo ba su gani ba.

Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Saboda haka duk wanda zai ce wa mai wanki ta fito da kuɗinta daga ƙarƙashin katifa, sai ya kasance mutumin da ta sani ta kuma yarda da shi. An sami masu ƙoƙari kafin Maggie. A Richmond ɗin nan ne ƙungiyar True Reformers, ƙarƙashin William Washington Browne, ta sami takardar izinin kafa banki a 1888, kuma ana lissafa shi a matsayin bankin baƙaƙe na farko da ya sami irin wannan izini a Amurka. Amma shugabancin banki a wancan zamani aikin maza ne.

Bankin Kwabo

Kafin a buɗe bankin, Maggie ta ɗauki watanni tana zuwa wani bankin Turawa da ke Richmond tana kallon yadda ake gudanar da aiki. Ranar 2 ga Nuwamba 1903 aka buɗe Bankin Ajiyar Kwabo na St. Luke a hedikwatar ƙungiyar da ke unguwar Jackson Ward, ita ce kuma shugabarsa. A ranar farko kuɗin ajiya da na hannun jari da aka tara sun haura dala 9,000.

Sunan bankin ya faɗi manufarsa. Ba ya raina ajiya komai ƙanƙantarta, kuma akasarin masu hulɗa da shi masu wanki ne da 'yan aikatau da leburorin masana'antun taba. Yana ba da ƙananan rance ga mutanen da ba su da kadarar jingina, yana dogaro da sanin halinsu da shaidar 'yan'uwansu na ƙungiya. Akwai mata a kwamitin gudanarwarsa, haka kuma ofishin ƙungiyar ya ɗauki 'yan mata baƙaƙe da dama aikin akawu da buga tafireta, a lokacin da da wuya wani ofis a birnin ya ba su irin wannan aiki.

A nan ne aikin reshen yara ya haɗu da na banki. An riƙa raba wa yara ƙananan asusu, su riƙa jefa kwabo ɗaya-ɗaya, idan ya cika ɗari sai yaro ya kawo a buɗe masa ajiya da sunansa. Da yayyafi kogi kan cika. Yaron da ya saba zuwa gaban kanta da littafinsa ba zai ji tsoron banki ba idan ya girma, iyayen da suka ga kuɗin ɗansu yana nan daram su ma hankalinsu zai kwanta. Zuwa 1920 bankin ya taimaka wa iyalai fiye da 600 sun mallaki gidajen kansu. Zuwa 1924 kuma 'yan ƙungiyar St. Luke sun haura 50,000, a rassa kimanin 1,500.

Ba Duka Aka Yi Nasara Ba

Reshe na uku na shirinta bai daɗe ba. A 1905 ƙungiyar ta buɗe babban kanti a titin Broad, babban titin kasuwancin Richmond, inda mata baƙaƙe ke sayar da kaya. 'Yan kasuwa farare suka haɗa kai suka matsa wa dillalai kada su ba kantin kaya, sa'an nan baƙaƙe da yawa suka ci gaba da sayayya inda suka saba. A 1911 aka rufe shi.

Shi ma bankin ya sha jarrabawa. A 1910 bankin True Reformers ya durƙushe sakamakon almundahana da rancen da ba a biya ba, abin da ya sake tayar da tsohon tsoro. A daidai wannan lokaci jihar Bajiniya ta tsaurara binciken bankuna, ta kuma tilasta a raba su da ƙungiyoyin da suka haife su. Bankin St. Luke ya tsallake binciken, kuma a 1911 ya koma sabon gininsa, wanda wani baƙin masanin zanen gine-gine mai suna Charles Russell ya tsara.

A gida ma ta ga tashin hankali. A watan Yunin 1915 ɗanta Russell ya harbe mahaifinsa Armstead da dare, a zatonsa ɓarawo ne ya shigo. An gurfanar da shi a kotu bisa tuhumar kisan kai, aka wanke shi, amma bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 1923, shekara guda bayan rasuwar mahaifiyar Maggie. Ita kanta ta taɓa faɗuwa ta ji rauni a gwiwa, ga kuma ciwon suga, har zuwa 1928 ta koma kan keken guragu. Duk da haka ba ta ajiye aiki ba. Ta sa aka saka na'urar hawa bene a gidanta, aka kuma gyara motarta yadda keken zai shiga.

Siyasa Da Ilimin Matasa

Maggie ba ta tsaya ga harkar kuɗi kawai ba. A 1904 jaridarta ta goyi bayan ƙaurace wa taragon haya na cikin birnin Richmond, bayan kamfanin ya ware wa baƙaƙe wurin zama dabam. Wannan ya faru shekara 51 kafin abin da Rosa Parks ta yi a Montgomery. Da matan Amurka suka sami 'yancin zaɓe a 1920, ta jagoranci yi wa mata baƙaƙe rajista a Richmond. A 1921 ta tsaya takarar shugabancin harkar ilimi ta jihar Bajiniya, tare da ɗan jarida John Mitchell da ya nemi kujerar gwamna. Ba su ci ba, domin tsarin mulkin jihar na 1902 ya riga ya hana akasarin baƙaƙe jefa ƙuri'a. Ta kuma kasance cikin shugabannin ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP, a Richmond da kuma ƙasa baki ɗaya.

Ta fuskar matasa kuwa, majalisar mata baƙaƙe ta Richmond da ta kafa a 1912 ta tara kuɗi don makarantar da Janie Porter Barrett ta buɗe a 1915, inda ake tarbiyyar 'yan matan da suka yi laifi maimakon a kai su kurkuku tare da manya. Ta zauna a kwamitin amintattu na makarantar koyon sana'a ta mata da Nannie Helen Burroughs ta kafa a Washinton. Ƙungiyar St. Luke kuma ta buɗe asusun ba ɗalibai rancen karatu.

Ƙarshen Rayuwarta Da Abin Da Ta Bari

Da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, dubban bankuna sun rufe a Amurka. Maggie ta hango cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ta jagoranci haɗe bankinta da sauran bankunan baƙaƙe biyu na Richmond a 1930 da 1931. Sabon bankin ya ɗauki sunan Consolidated Bank and Trust, ita ce kuma shugabar kwamitin gudanarwarsa. Ta rasu ranar 15 ga Disamba 1934 tana da shekara 70, aka binne ta a maƙabartar Evergreen da ke Richmond.

Bankin ya rayu shekaru masu yawa bayanta, har ya zama bankin baƙaƙe da ya fi kowane daɗewa yana aiki ba yankewa a Amurka. Amma unguwar da ta raine shi ta sha wahala. A shekarun 1950 aka keta babbar hanyar mota ta tsakiyar Jackson Ward, aka rushe ɗaruruwan gidaje. Bayan an soke dokokin wariya kuma, manyan bankuna suka fara zawarcin baƙaƙe masu abin hannu. A 2005 wani kamfanin banki na Washinton ya saye shi, ya fita daga hannun baƙaƙe, daga bisani sunan ma ya ɓace.

Sunanta kuwa yana nan. A 1978 gwamnatin Amurka ta mayar da gidanta da ke titin Leigh wurin tarihi na ƙasa. An sa wa wata makarantar sakandare a Richmond sunanta, wadda zakaran wasan tanis Arthur Ashe ya yi karatu a cikinta. A ranar 15 ga Yuli 2017 aka ƙaddamar da mutum-mutuminta a titin Broad, wato titin da aka taɓa yi wa kantinta taron dangi. Aikin renon matasa ma bai tsaya ba. A 1978 ƙungiyar NAACP ta fara gasar ACT-SO, wadda ɗan jarida Vernon Jarrett ya ƙirƙiro, inda ɗaliban sakandare baƙaƙe ke fafatawa a kimiyya da adabi da fasaha da kasuwanci ƙarƙashin kulawar manya masu sa kai. Ba Maggie ce ta kafa wannan gasa ba, amma tunanin iri ɗaya ne da na reshen yaranta.

Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin kawo tarihin Maggie Lena Walker tun daga kwandon wanki har zuwa kujerar shugabancin banki. Wani zai iya cewa tun da an rufe kantin, an kuma sayar da bankin, to aikin ya tashi a banza. Ni ban ga haka ba. Bankin da aka fara da kwabban masu wanki ya yi shekara 102 a hannun al'ummar da ta kafa shi, ya tsallake guguwar da ta kayar da waɗanda suka fi shi jari, ya kuma sa ɗaruruwan iyalai sun kwana a gidajen kansu. Sirrin wannan ƙarko, a fahimtata, shi ne amanar da aka gina tun daga yara. Saboda haka duk ɗan'uwa ɗalibi da yake riƙe da kuɗin wata ƙungiya, komai ƙanƙantarsu, ko yake koyar da wasu yara a unguwarsu lokacin hutu, ya sani cewa da irin wannan ƙaramin aiki Maggie ta fara.